Shaddar Ango da Leshin Gwaggo

Da aka ɗaura auren ƙanwata a unguwar Mabera ta Sakkwato cikin hunturun bara, ni na ɗauki hotunan biki, domin tun ranar da na sayi kyamara aka daina ganin dalilin biyan mai hoto a gidanmu. Kwana uku na yi ina gyara su a kwamfutata ta tafi-da-gidanka, kullum bayan sallar isha'i, har sai da shaddar ango ta yi fari fat, leshin iyaye mai ruwan goro kuma ya fito kamar a kai hannu a taɓa. Na tura wa dangi ta WhatsApp, na kwanta ina jiran yabo.

Tun kafin hantsi ya dubi ludayi Gwaggo ta kira ni. Ko amsa gaisuwata ba ta gama yi ba ta ce, "Kai ɗan nan, wagga shadda ta ango, wa yat tsoma ta cikin bula? Ni kuma mi niy yi maka da zan koma baƙa kamar gindin tukunya?"

Na buɗe kwamfuta na ga shadda fara, fuskar Gwaggo kuma tana sheƙi, saboda haka na saka kwamfutar a jaka, na hau babur zuwa Runjin Sambo, unguwar Gwaggo, da niyyar wanke kaina. Na ajiye ta kusa da wayar Gwaggo a kan tabarma, ɗanta ya kawo tasa, wata maƙwabciya da ta shigo gaisuwa ta miƙo tata. Hoto ɗaya ne, amma shadda huɗu muka gani, kuma tawa ce kaɗai fara. A shari'ar da shaidu uku suka haɗa baki, mai shaida ɗaya ba shi da ta cewa.

Daga nan na zarce wurin wani abokina mai shagon wanke hoto kusa da babbar kasuwa. Kafin ya ce komai sai da ya sa tsumma ya goge allon kwamfutar, ya nuna mini jar ƙurar hunturu da ta fita, wadda na yi makonni ina kallon duniya ta cikinta. Sannan ya shiga wurin saiti, ya fashe da dariyar da ta sa yaransa suka bar aiki. Ashe tsarin dare a kunne yake, wanda ke rage shuɗin haske domin hutar da ido, ya mayar da allo ruwan ɗorawa, kuma ni da kaina na kunna shi tun da daɗewa na manta. Ina ganin shadda ta yi ɗorawa, sai na riƙa ƙara mata shuɗi har ta yi fari a idona, alhali bula nake zuba mata a idon kowa. Hasken allon ma na ƙure shi, shi ya sa nake rage hasken hotuna, Gwaggo tana ƙara duhu.

Ya bayyana mini cewa hoto ba ya ɗauke da launi, lambobi yake ɗauke da su, daga 0 zuwa 255 na ja da kore da shuɗi, kowane allo kuma yana fassara su gwargwadon halittarsa. Domin a rage wannan rikici ne kamfanonin HP da Microsoft suka fito da ma'aunin sRGB a 1996, wanda farinsa yake daidai da Kelbin 6500, wato kusan farin hasken rana, kuma a kansa launukan intanet suka ginu. Ni kuwa Adobe RGB na zaɓa wajen adana hotunan, wanda ya fito a 1998 kuma ya fi faɗi wajen kore da shuɗi, ba don na san amfaninsa ba, sai don sunansa ya fi cika baki. Duk manhajar da ba ta kula da tambarin launin da ke jikin hoto ba, sai ta karanta lambobinsa da ma'aunin sRGB, launi ya koɗe. Abin da ya mayar da leshi mai ruwan goro tamkar kunun tsamiya ke nan.

Ya ara mini na'urar auna launi mai suna Spyder, da sharaɗin in bar allo a kunne na rabin awa kafin in fara, in kuma rufe taga. Na rataya ta a tsakiyar allo, igiyarta ta zagaya ta baya, allon ya shiga canza launi ɗaya bayan ɗaya yayin da manhajar ke neman in sauke haske zuwa kandela 120, wato ma'aunin ƙarfin hasken allo. Ana cikin haka Inna ta ɗaga labule, ta daɗe tana kallon abin da ya manne wa kwamfutar, sannan ta tambaye ni ko ƙaho ake yi mata. Na ce kusan haka ne, ta yi mata fatan samun sauƙi ta fita.

Da aka gama na buɗe hotunan, sai ga ango cikin shuɗiyar shadda, ga Gwaggo daidai yadda ta siffanta kanta. Na sake kwana biyu a kansu, na adana su a sRGB, na koma Runjin Sambo da ƙwarin gwiwa. Wayoyin uku ba su zama ɗaya ba, domin ta ɗanta irin mai ƙara wa launi gishiri ce, ita kuma tata jika ya rage mata haske don tattalin caji, amma dai shadda ta tabbata fara a ko'ina.

Gwaggo ta kai wayar kusa da ido, ta nisanta ta, ta ce ba laifi. Sai dai ita wancan na ran nan take so, wanda ta gani a kwamfutata, inda ta yi haske kamar amarya. Na fara yi mata bayanin cewa wancan hoton babu shi a ko'ina, a lalataccen allona kaɗai ya taɓa wanzuwa, ta ce ita da idonta ta gan shi, kuma ba ta fara ruɗewa ba.

A daren na kunna tsarin dare, na ƙure haske, na buɗe tsohon hoton, na ɗauki allon da wayata na tura mata. Shi ne a fuskar WhatsApp ɗinta har yau, da inuwar fankar ɗakina a saman ɗankwalinta.