Gadar Lugard Da Ke Gamji Ba A Kaduna Aka Gina Ta Ba

Mutanen Kaduna da yawa, idan suka kai yara shaƙatawa filin Gamji, sukan nuna musu ƙaramar gadar ƙarfen nan su ce Lugard, gwamnan Turawan mulkin mallaka, shi ne ya gina ta nan. Ba haka abin yake ba. A Zungeru aka kafa ta a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo ta Kaduna.

Zungeru, wadda ake kira Dungurum, a da ƙauye ne na Gwari a bakin kogin Kaduna, yanzu a ƙaramar hukumar Wushishi ta Jihar Neja. A 1902 Turawa suka mai da ita hedikwatar Arewa. Suka gina barikin soja da ofisoshi, ma'aikata daga kudu suka cika garin. A can aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. Da aka mayar da hedikwata Kaduna a 1917, sai garin ya koma shiru, gine-ginen suka zama kufai.

Abin yana damuna ƙwarai, domin kogi ɗaya muke sha da mutanen Zungeru, amma yaranmu ko sunan garin ba su sani ba.