Kafin a zuba kankare, a duba katako

Mai gida zai tsaya kai da fata a kan yawan siminti da kaurin rodi, amma da an zo maganar katakon da kafinta zai buga don tare ɗanyen kankare sai ka ji ya ce a samo mai araha, ai cirewa za a yi. A ganina daga nan ake fara lalata gini.

Ɗanyen kankare nauyi gare shi. Dekin mai kaurin santimita 15 yana ɗora wajen kilo 360 a kan kowane murabba'in mita, ban da leburorin da ke hawa da kwanon sarki. Gorar da aka tokare a ƙasa ita ke ɗauke da wannan duka. Kada tazarar gora ta wuce santimita 60, a haɗe su da juna da katako 2x3 don kada su goce, kowace kuma a sa mata faffaɗan katako a gindi. Wadda aka kafa a kan ƙasar ciko, da ruwa ya jiƙa wurin nutsewa take, dekin ya yi ciki, kuma filasta ba ta gyara wannan.

A fila kuwa, gindi ne ke shan matsi. Mai tsawon mita 3, in aka cika ta da sauri, matsin da ke ƙasanta yana iya kai tan 7 a murabba'in mita. Shi ya sa ɗaurin da ake yi wa katakon fila daga ƙasa ya kamata ya fi na sama kusanci da juna. A gwada miƙewarta ta fuska biyu kafin zubi, a sake gwadawa nan take bayan zubi, tun kankare bai kama ba.

Duk kafar da aka bari tsakanin katako, ruwan siminti ne zai zurare ta nan, tsakuwa ta rage tsirara kamar saƙar zuma. A toshe. Busasshen katako, musamman da bazara, a jiƙa shi, in ba haka ba zai tsotse ruwan kankare. Man da ake shafa wa katako a shafa shi kafin a jera rodi, domin rodin da ya sha mai ba ya kama kankare da kyau. A sa biskit, wato ɗan ƙaramin curin siminti da ke raba su, tsakanin rodi da katako, santimita 2.5 a dekin, 4 a fila.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaggawar cirewa don kafinta ya kai katako wani aiki. Gefen fila ana iya buɗe shi bayan kwana 2. Gorar dekin da ta bim, wato kankaren da ke kwance daga fila zuwa fila yana ɗauke da dekin, kuwa a bar ta kwana 21, ana shayar da kankaren ruwa, don a kwana 7 wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa kawai yake kaiwa. Ranar cirewa a fara daga tsakiyar ɗaki a nufi bango. Barandar da ta fito ba fila a ƙarƙashinta, a fara daga bakinta a dawo ciki.