Shekara 46 ana bin sawun zaiba, kuma ba a yi asara ba

Duk wanda ya taɓa sayen kankana ya san dabarar. Ba ka fasa ta, ƙwanƙwasawa kake yi ka kasa kunne. Kusan abin da masana kimiyyar nukiliya ke yi ke nan a sashen ISOLDE na CERN, ƙungiyar binciken nukiliya ta Turai, kan iyakar Suwizalan da Faransa, sashen da ya fara aiki a 1967. Cibiyar ƙwayar zarra ta yi ƙanƙantar da babu madubin da zai nuna ta. Sai su haska wa zarrar hasken lesa, suna murɗa launinsa kaɗan-kaɗan har su kai daidai inda ilektoron ɗin da ke kewaye za su haɗiye shi. Idan cibiyar ta ɗan kumbura ko ta miƙe, wannan launi zai gusa da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Daga gushewar ake lissafa girma da siffa.

Wahalar ita ce zarrar da suke nema ba ta nan a duniya. Ƙera ta ake yi. Ana harba furoton, ɗaya daga ƙananan ƙwayoyin da ke cikin cibiyar zarra, kan wani abu mai kauri, kamar narkakkiyar dalma, ya tarwatsa cibiyoyinta, sannan maganaɗisu ya tsince irin wanda ake so. Wasu kafin ka ƙifta ido sun narke sun zama wani abu dabam.

Ni dai ina ganin kuɗin da ake zubawa a wannan aiki ya halatta, kuma hujjata zaiba ce, wannan ruwan ƙarfen da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na asibiti. Kowace zarrar zaiba furoton 80 gare ta a cibiya, yawan niyutoron, abokan zamansu a can, ne ke bambanta. A 1972 wasu masana daga Mainz ta Jamus suka auna nau'o'inta marasa nauyi a ISOLDE, a lokacin ma da fitila suke aiki, lesa sai daga baya ta shigo. Yadda kowa ya zata, duk niyutoron ɗin da aka cire cibiyar za ta ɗan ragu, a hankali. Haka aka yi ta tafiya har aka zo zaiba 185, wato mai furoton da niyutoron 185 a haɗe. Nan ta yi tsalle ta girma. Da bincike ya yi nisa sai aka gano cewa 181 da 183 da 185 a miƙe suke kamar ƙwai, maƙwabtansu 182 da 184 kuwa kusan dunƙule. Niyutoron ɗaya tak, amma siffa ta juye. Babu lissafin da ya hango haka.

Sai 2018 aka samu gamsasshiyar amsa. An sake awon da lesa har ƙasa zuwa zaiba 177, aka ga cewa wannan canjin siffa a waɗancan ukun kaɗai yake, sannan wata babbar kwamfuta a Japan ta nuna yadda furoton da niyutoron da dama ke haurawa matakan sama tare su miƙar da cibiyar. Shekara 46 ke nan. Wasu ɗaliban da suka yi awon ƙarshe ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin na farko. Da an bi tsarin masu ba da tallafi da ke son sakamako cikin shekara uku, da tuni an rufe fayil.

Mai adawa zai ce, to an san siffar zaibar da ba ta minti ɗaya a raye, sai me? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na son amsar da aka saba bayarwa, wato a yi maza a fake da asibiti. Gaskiya ne tun 2017 akwai sashen MEDICIS a CERN da ke samar da sinadarai don binciken cutar daji. Amma ba don shi aka auna zaiba ba, kuma mai kare ilimi da ribar gefe, ranar da ribar ta tsaya bakinsa ya mutu.

Amsar ita ce nau'o'in cibiyar zarra da aka taɓa gani sun ɗan haura 3,000, ana kuma kiyasin za su kai wajen 7,000. Sauran, waɗanda ta cikinsu ake samun zinariya da yuraniyom idan taurari suka yi karo, da yawansu ba za mu taɓa kamawa ba. Lissafi kaɗai zai gaya mana halinsu, lissafin da ba a gwada ba kuwa shaci-faɗi ne. Awon lesa shi ne alƙalin da ba ya karɓar na goro. A 2016 ya nuna cewa kalsiyom 52, wanda ake tsammanin zai kasance a matse, ya fi yadda lissafi ya ce girma, alhali kalsiyom 40 da 48 girmansu kusan ɗaya duk da ratar niyutoron takwas. A 2021 kuma aka tarar da irin tsallen zaiba a wani ƙarfe, bismut 188, bayan an shafe kusan rabin ƙarni ana ɗauka zaiba ce kaɗai ke da wannan hali.