A ɗakin ibada adabin Ingilishi ya yi rarrafe, can ya kamata a je a karanta shi

Tun da Jami'ar Canterbury Christ Church ta sanar a watan Nuwamban 2024 cewa daga Satumban 2025 ta daina ɗaukar sabbin ɗalibai a digirin adabin Ingilishi, maganar ta ƙi fita daga raina. Dalilin da ta bayar shi ne masu neman gurbin sun ragu. Ba ita ta fara ba, Sheffield Hallam ta yi makamancin haka a 2022. Abin da ya sa wannan ta fi ciwo shi ne wurin da aka yi ta. Cocin Ingila ne ya kafa makarantar a 1962 don horar da malamai, kuma harabarta na maƙwabtaka da kangon gidan zuhudun Augustine, wanda ya iso garin Canterbury a shekara ta 597 yana wa'azin Kiristanci. A garin aka haifi marubucin wasan kwaikwayo Christopher Marlowe a 1564. Garin ne matafiyan da ke cikin labaran mawaƙi Chaucer suka nufa.

Su kuwa jami'o'in Amurka, duk hutun bazara, wajen Yuni da Yuli, sai ka ga sun ɗauko ɗalibansu sun tsallako teku zuwa wannan garin da ire-irensa. Malami ɗaya ko biyu, ɗalibai kaɗan, makonni 'yan kaɗan, kowa da littattafansa a jaka. A karanta rubutu da safe, a je wurin da ya haife shi da rana, a dawo a rubuta maƙala, a samu maki kamar kowane kwas. Wannan shirin nake son karewa, domin bakin da ya rufe ajin Canterbury shi ne yake kiran irin wannan tafiya yawon shaƙatawar 'ya'yan masu kuɗi.

Hujjar masu sukar nan ba ta wuce biyu ba. Ta farko, adabi ba ya kawo albashi. Ta biyu, duk abin da ɗalibi zai gani a can yana cikin wayarsa, hoto da bidiyo, ba sai ya sayi tikitin jirgi ba. Ta farkon ba zan ɓata mata tawada ba: wanda ke auna ilimi da ma'aunin kanti ya riga ya yanke hukunci kafin a fara shari'a. Ta biyun ce ke ba ni haushi, don daga bakin masu ilimi take fitowa.

Na taɓa hawa matakalar da ke kai mutum ɓangaren gabas na babbar majami'ar Canterbury. Duwatsun sun lotsa a tsakiya, ƙafafu da gwiwoyin masu ziyara na ɗaruruwan shekaru suka cinye su. Ka kai sama, sai ka tarar da fili, ba komai sai kyandir ɗaya yana ci a ƙasa. Nan hubbaren Thomas Becket, babban limamin Canterbury, yake a da. Baraden Sarki Henry na Biyu su huɗu ne suka kashe shi cikin majami'ar ranar 29 ga Disamban 1170, mutane suka mai da kabarinsa wurin ziyara, har Henry na Takwas ya sa aka rushe hubbaren a 1538. Ɗalibin da ya karanta labaran Chaucer a aji zai ga mutum ashirin da tara sun haɗu a masauƙi a Southwark, kowa na ba da labari don rage tsawon hanya, har da na barkwanci da na batsa. Zai yi dariya, ya ci jarrabawa, ya manta. Amma wanda ƙafarsa ta faɗa cikin wannan lotsawar dutse zai gane cewa mutanen nan da gaske suke, cewa mai injin niƙa da 'yar zuhudu da ɗan kasuwa duk wata bukata ce ta fito da su, waraka ko gafara ko cika alwashi. Barkwancin nasu ma sai a lokacin yake yin ma'ana, domin dariyar matafiyi ce mai nauyi a zuciya. Wace waya ce za ta sa maka wannan a tafin ƙafa?

Haura arewa, zuwa tsibirin Lindisfarne. Sau biyu a rana teku ke cika ya shafe hanyar shiga, kuma dole ka duba jadawalin ruwa kafin ka tsallaka. Masu bi ta ƙafa suna bin jerin sanduna da aka kafa cikin yashi. Wani ɗan zuhudu, Aidan, ya kafa gidan zuhudu a nan a 635, ya taso ne daga tsibirin Iona, inda mai wa'azi Columba ya sauka daga Ailan a 563. A nan aka rubuta kwafin Linjilar nan mai ado a farkon ƙarni na takwas, kuma a ƙarni na goma wani limami mai suna Aldred ya bi tsakanin layukan Latin yana rubuta ma'anarsu da tsohon Ingilishi. Wannan ita ce fassarar Linjila mafi tsufa da ta rage a harshen. Duk wanda ya taɓa ganin littafin malamin zaure, matani da Larabci, fashin baƙi da ajami a gefe da tsakanin layi, ya san wannan aikin ba sai an yi masa bayani ba. Littafin yanzu yana Landan, a ɗakin karatu na ƙasa, kuma ana iya kallon shafukansa a kwamfuta. To amma kaɗaicin da aka rubuta shi a ciki, da iskar, da ruwan da ke rufe ka a tsibiri har sai ya ga dama ya janye, da gaɓar da mahara 'yan Viking suka sauka a kai a 793 suka yi ɓarna, waɗannan suna can inda suke. Gani ya kori ji.

A Whitby ma haka. Mawaƙin Ingilishi na farko da aka san sunansa, Caedmon, makiyayi ne a gidan zuhudun da wata mata, Hild, ke shugabanta a ƙarni na bakwai, kuma waƙarsa yabon Mahalicci ce. Wanda ya ba mu labarinsa shi ne ɗan zuhudu Bede, wanda ya kammala littafinsa na tarihi a 731, kabarinsa kuma yana majami'ar Durham. Mawaƙi John Donne shugaban limaman majami'ar St Paul ne. Mawaƙi George Herbert limamin ƙauye ne kusa da Salisbury. Har waƙar Wordsworth ta 1798 da ake koyarwa a matsayin waƙar bishiyoyi da kogi, sunan kangon Tintern ke kanta, gidan zuhudun da aka gina a 1131 aka rufe a 1536. Ka cire ɗakin ibada daga wannan adabi, ka ga abin da zai rage maka.

A nan ne kuma zan juyo kan wasu daga cikin masu shirya tafiyar kansu, don laifinsu bai gaza na masu sukarta ba. Akwai malamin da zai kwashi ɗalibai har cikin majami'a, ya yi awa guda yana bayanin ginshiƙai da gilashi mai launi da yawan kuɗin da aka kashe, amma bakinsa ya yi nauyi wajen faɗin abin da mutanen suka yi imani da shi. Kunyar addini yake ji. Yana tsoron kada a ce ya koma mai wa'azi. Sai ɗalibai su dawo da hotuna ɗari biyu, ba su san me ya sa mace kamar Julian ta Norwich ta rufe kanta a ɗaki jikin coci bayan rashin lafiyar da ta yi a 1373 ba, alhali littafinta ne mafi tsufa da aka tabbatar mace ta rubuta da Ingilishi. Wannan ba koyarwa ba ce, rowar ilimi ce, kuma irin waɗannan malamai ne ke miƙa wa masu cewa yawon buɗe ido ne sandar dukan shirin.

Matsalar ta wuce aji. A ƙidayar 2021, waɗanda suka kira kansu Kirista a Ingila da Wales sun sauko zuwa kashi 46.2 cikin ɗari, karo na farko ƙasa da rabi, marasa addini kuma sun kai 37.2. Al'ummar da ta daina shiga ɗakin ibada sai ta rasa yadda za ta yi da ginin. A Fabrairun 2024 an shirya casu cikin majami'ar Canterbury, matasa da abin sauraro a kunne suna rawa, a ginin da aka zubar da jinin Becket, wai don a jawo sabbin mutane a kuma samu kuɗin gyara. Ni Musulmi ne, ba ɗakin ibadata ba ne, amma raina ya ɓaci. Tsakanin mai zuwa rawa da ɗalibin da ya zo da littafi a hannu ya zauna shiru yana karantawa, na san wanda ya ba wurin haƙƙinsa.

Ga ɗan'uwana da zai ce me ya kai Musulmi cikin wannan magana, amsar gajeriya ce: karatu daban, bauta daban. Shi kansa Chaucer, da ya zo kwatanta likitan da ke cikin ayarin, ya lissafa Ibn Sina da Ibn Rushd da Razi cikin malaman da likitan ya karanta. Mu kuma da rubutaccen adabinmu ya tsiro daga waƙoƙin wa'azi, mu da ɗalibinmu ke fahimtar Nana Asma'u da kyau in ya je Sakkwato da Wurno, bai kamata a ce sai an lallashe mu kafin mu gane wannan ba.

Maganar tsada gaskiya ce, tikiti da masauki da kuɗin makaranta ba kowane gida ke iya ɗauka ba. Amma maganin tsada tallafi ne, ba rufewa ba. Jami'ar da ke da kuɗin gina filin wasa tana da kuɗin ɗaukar nauyin ɗalibai marasa hali. A rage yawan wuraren da ake zagawa, a daɗe a kaɗan. Kwana huɗu a Durham da Lindisfarne ya fi garuruwa goma a cikin motar safa. A sa malamin da ya san tauhidin marubutan kuma ba ya jin nauyin faɗinsa. A ƙara masallacin Shah Jahan na Woking, wanda aka gina a 1889, cikin jerin, domin shi ma wurin ibada ne na ƙasar kuma yana da nasa marubutan. Jami'o'in Birtaniya da ke rufe sassan adabi kuma su buɗe wa ɗaliban gida irin wannan kwas na bazara, tun da su ba sa bukatar jirgi. Daga harabar Christ Church zuwa ƙofar majami'ar, tafiyar 'yan mintoci ce da ƙafa.