Rikodar Kaka da Tukunyar Ɗan Wake

Da aka zo rabon kayan ɗakin Hajiya Kaka, Allah ya jiƙanta, mata suka kwashe duk wani abu mai murfi. Kwalla, samira, langa, fanteka, har da tasoshin nan da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba tun ranar da aka jera su. Ni jika ne, ba ni da ko allura a gadon, amma Baba ya dube ni ya ce ai ba a bar angon marigayiya ya tafi hannu rabbana ba. Aka miƙo min rikodarta, wadda aka ɗaure murfin batirinta da ƙyalle, da wata baƙar leda cike da kaset-kaset.

Angon nata kuwa ni ne. Kowa ya san wasan kaka da jika, amma namu ya fi na kowa zafi. Ita tana kirana mijin da ba cefane, ni kuma kullum ina yi mata alkawarin kishiya mai haƙora. Gidanmu yana cikin birni, a wani lungu bayan Kasuwar Kurmi ta ɓangaren Jakara, irin lungun da in mai kura ya shigo sai kowa ya manne da bango ya wuce. Kaka takan ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da aka kafa kasuwar sama da shekara 500, kakanninta ke cin abinci a bakinta, don haka babu ɗan tireda da zai koya mata ciniki.

Sana'arta ɗan wake. Kafin rana ta haska katangar gidan, yara sun yi layi a tsakar gida da kwanuka. Tun 1973 aka canza kuɗi zuwa naira da kwabo, amma Kaka har ta koma ga Allah da sule da fam take lissafi, mai saye ne zai sha wahalar fassarawa a ransa. Ɗan wakenta na wake ne da busasshen rogo, a kai inji a niƙo, a sa kuka da ruwan kanwa. Na fulawar nan da ake yi yanzu, cewa take na ragwaye ne. In ta tsame, ta yaryaɗa man gyaɗa da aka soya da albasa, ta barbaɗa yaji mai ƙuli-ƙuli, ba ta yarda a ƙara masa komai. Su kabeji da dafaffen ƙwai da ake jibga masa yanzu, da ta gani da ta tambaya ko ɗan waken ne ba shi da lafiya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne agogonta. Babu agogo a madafin Kaka, Mamman Shata ne agogon. In ta gama jefa ɗan wake a tafasasshen ruwa sai ta goge hannu a zani ta danna rikoda. Kalangu ya ɗauka, ita kuma ta shiga wanke kwanuka tana amshi a inda 'yan amshi suke yi. Da waƙar ta ƙare sai ta kwashe. Tukunya ɗaya, waƙa ɗaya. In batir ya yi sanyi, muryar Shata ta fara ja, sai ta zare batiran ta jera su a kan katanga su sha rana, wanda ya ƙi ji kuma ta gartsa masa cizo da haƙoran da suka rage mata. Da aka yi sanarwar rasuwar Shata a 1999, ranar ba ta ɗora tukunya ba. Barmani Choge kuwa ta ranar biki ce, ranar da ake kifa ƙwarya a kan ruwa a baho, mata su kori maza daga tsakar gida, mu yara mu leƙa ta kafar ƙyaure mu ga tsohuwar da take kukan ciwon ƙafa da safe tana juyi.

To, wata Alhamis da dare ina neman wasu takardu sai na ci karo da ledar nan. Nan take na ƙudura cewa gobe Juma'a zan yi wa Kaka sadakar ɗan wake, da hannuna, da rikodarta, yadda take yi. Uwargida ta ce, "Maigida, ka kawo kayan in yi maka mana, ladan ai duk ɗaya ne." Na ce mata wanda ya tashi a gindin tukunyar nan ba ya neman taimako. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, da wata irin murya da ban so ba.

Da sassafe na tari adaidaita sahu, tunda dai an hana acaɓa a Kano tun 2013, na rungume rikoda na nufi Sabon Gari neman mai gyara. Samarin da ke gyaran waya suka riƙa miƙa ni gaba, wani ma ya tambaye ni ko ta ina ake sa mata memori. A ƙarshe na samu wani dattijo a wani ɗan shago da rediyoyi suka kai rufi. Ya buɗe cikinta, ya hure ƙura da gawar kyankyasai, ya ce bel ne ya narke. Ya sa wani, ya goge kan da ke karanta kaset da auduga, ya gwada ta da nasa kaset ɗin, ta ɗauka rangaɗau. Ya ce, "Alhaji, irin wannan ba a yinta yanzu. Ka riƙe ta da kyau."

Daga nan na shiga Kasuwar Rimi na auno wake da rogo da kuka, na kai inji. Kanwa kuwa na ce sai ta Kurmi, inda Kaka take aikena. Mai kanwar ya ba ni ungurnu, na tambaye shi nawa ake sa wa kwano ɗaya na gari. Ya ce, "Daidai." Na kira Yaya a waya, wadda ita ce ta fi kowa zama da Kaka a madafi. Ta ce, "Auta, ai ba a aunawa, daidai ake sawa." Na ce daidai da me? Ta ce daidai yadda Kaka take sawa, ta kashe wayarta. Duk matan Kano haka suke ba da awo, kuma abin haushin, girkinsu yana fita.

Na dawo gida na hura gawayi a kurfoti, don Kaka ba ta san gas ba. Na daka kanwa a turmi ta yi laushi, na kamfato cikin tafi biyu na zuba a garin, na bi da kuka, na kwaɓa. Ƙullun ya yi wani kore mai duhu, yana ɗan ɗumi a hannu. Uwargida tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne tana tsinke zogale, ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗaga mata hannu. Babbar 'yata ta fito da waya tana ɗaukar bidiyo, wai za ta ajiye tarihi, Abba yana girki. Ƙaraminsu ya ɗauki kaset yana leƙa ramukan, na karɓa na zura biro na nuna masa yadda ake mayar da shi farko, ina jin kaina wani babban masani.

Jefa ɗan wake ma ashe aiki ne. Kaka da yatsu uku take gutsurowa, duk su fito kai ɗaya. Nawa wani ya yi girman goro, wani ya yi girman lemo, wani ya ƙi barin hannuna sai da na yarfe shi ruwan zafi ya fallatso min. Na dai gama. Na zaɓi kaset ɗin da aka rubuta sunan Shata a jikinsa da jan biro, na goge hannu a wando, na danna.

Kalangu ya tashi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, don har ƙamshin hayaƙin madafin nan na ji. Maƙwabciyarmu da ta jiyo kiɗan ta yi sallama ta shigo da mayafi a hannu, wai ta zo ganin wa ke biki. Shata ya yi baiti ɗaya, ya shiga na biyu, sai aka ji ƙarar dannawa, ƙwas, kiɗa ya yanke. Sai shuuu. Sai muryar wani yaro, siririya: "Kaka, ki yi magana, ya fara."

Sai ga sallamar Kaka.

Babu wanda ya motsa a tsakar gidan. Uwargida ta ajiye zogale. Ni kuwa na nemi bakin turmi na zauna, don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

'Yan yanzu ba su san wannan ba. Kafin waya ta zo hannun kowa, wanda bai iya rubutu ba kaset yake cikawa da magana, a ba wa maniyyaci ya kai wa ɗan'uwa a Makka. Baffanmu yana can yana ɗinki, shi Kaka take yi wa saƙo. Ta gaishe shi, ta gaida matarsa, ta gaida yara ɗaya bayan ɗaya, ta gaida mutanen da ta sani da waɗanda ba ta sani ba. Ta faɗa masa wanda ya mutu, da wadda ta haihu, da wadda ta yi yaji ta dawo. Ta ce ya aiko da zamzam da dabino da man zafi, kuma kallabin bara bai yi ba, ya zuba a wanki ɗaya. Muna dariya muna share ido.

Daga nan ta gangaro kan mutanen gida. Ta ce amaryar ƙaninsa yarinyar kirki ce, sai dai ba ta iya ɗan wake ba. "Kanwa ai jiƙa ta ake tun dare, a tsiyaye ruwan sama kaɗan, a bar tsakuwa a ƙasa. Ita kuwa sai ta daka ta zuba a gari. Wannan ai ko mahaukacin Kurmi ba zai yi ba."

Uwargida ta dube ni. Ta dubi turmin da nake zaune a kai, wanda har yanzu da farin gari a bakinsa. Ba ta ce komai ba, ta dai ja mayafin maƙwabciya ta toshe bakinta da shi.

Na miƙe zan kashe rikodar, sai na ji an ambace ni. "Mijina kuwa ga shi nan, shi ke riƙe da abin. Karatu dai ba laifi, ya kai izu biyu. Amma shekara tara, har yau kullum sai an shanya tabarma. Na ba shi jiƙo, na hana shi kunu da dare, a banza."

Siririyar muryar ta ce, "Kaka, yana fa ɗauka!"

"To ya ɗauka mana. Ƙarya na yi?"

Maƙwabciya ta zube a ƙasa. Ƙaramin ɗana, wanda ko a makon nan sai da na yi masa faɗa a kan wannan matsalar, ya matso ya tsaya a gabana yana kallona, kallon da ba na fatan wani uba ya gani. Ita kuwa mai ɗaukar tarihi hannunta ko rawa bai yi ba.

Kaset ɗin irin mai minti 90 ne, kowane gefe minti 45, kuma Kaka ba ta bar ko taƙi ba. Ni kuma a ƙa'idar da na gada, sai waƙa ta ƙare ake kwashewa, waƙa kuwa ba ta dawo ba. Ƙauri ne ya tuna mana da tukunya. Kumfa ta riga ta yi ambaliya ta kashe rabin gawayin, sauran rabin ya ƙone ruwan ƙurmus. Da na ɗaga murfi, 'ya'yan ɗan waken duk sun haɗe sun zama guda ɗaya, baƙi-ƙirin da ratsin kore, kamar ƙwallon da yara suka tsamo daga kwatar Jakara. Na sa cokali, cokali ya lanƙwashe.

Duk da haka na ce niyya ce, sadaka ba ta komawa. Na yanko gefen da bai ƙone sosai ba da wuƙa, na malala masa mai da yaji, na fita ƙofar gida. Ga wani almajiri yana wucewa da robarsa. Na kira shi na miƙa masa. Ya leƙa kwanon, ya shinshina, ya ɗago ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Allah ya ba da lada, Baba. Na ƙoshi."

Tun da nake a Kano ban taɓa jin almajiri ya faɗi wannan kalma da hantsi ba.

Bayan an sauko daga masallaci na wuce wajen masu gurasa a cikin birni na sayo mai yawa, aka yi bandashe da ƙuli-ƙuli da albasa, aka raba wa almajiran unguwa, aka yi wa Kaka addu'a. Wanda ya ƙoshi ɗazu shi ya fara miƙo roba.

Kafin la'asar bidiyon ya shiga zauren WhatsApp na dangi. Baffa, wanda ya dawo gida da daɗewa ya tsufa a Gwammaja, ya kira ni yana tari saboda dariya, ya ce saƙon nan bai taɓa isa hannunsa ba, ashe maniyyacin ne ya shige sansanin alhazai kafin a kai masa. Ya ce yanzu da ya ji, in faɗa masa ko an samu sauƙin matsalar, ko ya nemo min magani. 'Yan'uwan da rabona da su tun rasuwar suka riƙa turo hoton tabarma. Wani ƙanen uwargida da nake ba wa kuɗin makaranta ya turo gaisuwa, wai yana yi wa Yallaɓai fatan an tashi a bushe.

Washegari da hantsi sai ga Yaya ta yi sallama, ta zauna ko mayafi ba ta cire ba, ta zaro biro daga jaka.

"Auta, ɗauko min kaset ɗin nan. An ce akwai ɗaya gefen."

Na ce mata ai batir ya mutu tun jiya.

Ta ce, "Kawo su nan. Akwai rana."