Ba Hausa ke kayar da yaran Kano a kimiyya ba

Tun da ministan ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a watan Nuwamban 2025 cewa an soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, an koma Turanci zalla daga firamare har sama, wasu a Kano suka samu abin faɗa. A majalisar ƙofar gida da Facebook maganar ɗaya ce: ai ga shi gwamnati da bakinta ta tabbatar, Hausa ce ke lalata mana yara. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne jin wannan magana daga masu makarantu da wasu malaman kimiyya, mutanen da suka fi kowa sanin abin da ke gudana a cikin aji.

Hujjar minista ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi harshen uwa. To mu yi lissafi. A ƙarshen Nuwamban 2022 aka amince da tsarin, zamanin Malam Adamu Adamu, kuma shi kansa ya faɗa a lokacin cewa aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai. Yaron da ya zauna WAEC a 2025 ya bar firamare tun 2019, shekara uku kafin a sa wa takardar hannu. Ta ina tsarin ya same shi har ya kayar da shi? In kuma tsohon tsarin ake nufi, wanda ya ce a yi aji ɗaya zuwa uku na firamare da harshen yankin, to bayan nan yaron ya yi shekara tara cur a hannun Turanci. An bar jaki ana dukan taiki.

Ni inda hankalina yake shi ne ƙaramar sakandare, domin a nan yaro ke fara haɗuwa da abubuwa uku da fizik gaba ɗaya ke tsaye a kansu: ƙarfi, aiki da gudu. A wannan mataki ba a taɓa mayar da Hausa harshen koyarwa a aikace ba. Littafi Turanci, allo Turanci, jarrabawa Turanci. In ana faɗuwa a nan, a hannun Turanci ake faɗuwa.

Ku leƙa aji biyu ranar da aka zo kan wannan darasi. Malam ya juya baya ya cika allo da ma'anar ƙarfi, ma'anar aiki, ma'anar gudu, ya rubuta W = F × d ya ja masa layi. Ya karanta, yara su amsa da murya ɗaya, ya sake, su sake. Ya ce, “Kun gane?” Su ce, “Mun gane, Malam.” A kwafa a littafi, a kaɗa ƙararrawa. Ranar jarrabawa a ba su 20 da 5, su ninka su samu 100, su liƙa J a gefe, a ba su maki. Amma ka tare wanda ya ci makin nan a bakin ƙofa ka ce, “Yaro, wannan J ɗin mene ne, a ina ka taɓa ganinsa?” Sai ya sunkuyar da kai. Ba dakiki ba ne. An ba shi jimla ya haddace, ba a ba shi abin da jimlar ke nufi ba.

Alhali yaron nan, kafin ya fito makaranta, ya taya ɗan garuwa tura kura a layinsu. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo 1 ne, jarka mai lita 25 kilo 25 ke nan, kura mai jarka 12 tana ɗauke da kilo 300 na ruwa, ban da ƙarfen jikinta. Ya san tayar da ita daga tsaye shi ne wahala, sai an sunkuya an kafe ƙafa. Ya san in ta fara tafiya turin yana sauƙi. Ya san a gangara tsayar da ita ne tashin hankali, kuma in ta shiga yashi ko taya ta sace sai an nemi mai taimako. Duk abin da manhaja ke son ya sani game da ƙarfi yana cikin wannan: ƙarfi turi ne ko ja, abin da ke tsaye ba ya motsawa sai an sa masa ƙarfi, abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tare shi, kuma abin da ke tare kura a yashi gogayya ce tsakanin taya da ƙasa. Wannan ita ce dokar motsi ta farko da Isaac Newton ya fitar a 1687. Yaron Kurna ya san ta a kafaɗarsa tun bai san sunan mai ita ba. Aikin malami kawai ya haɗa masa abin da ya sani da abin da ke allo, kuma ba a yin wannan haɗi da harshen da yaro ke tsoron buɗe baki a cikinsa.

Haka batun aiki. Ƙasa na jan kowane kilo ɗaya da ƙarfin da ya kusa niyuton 10 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), don haka jarka cike tana buƙatar niyuton 250 kafin ta bar ƙasa. In ɗan garuwa ya ɗaga ta rabin mita ya ɗora a kura, ƙarfi sau nisa, wato 250 sau rabi, ya yi aikin jul 125 (jul shi ne ma'aunin aiki). Jarka 12, jul 1,500. Ga J ɗin da yaro ya kasa nunawa, a tsaye a ƙofar gidansu.

Amma inda darasin yake da daɗi, inda kuma ake gane wanda ya fahimta, shi ne a kasuwar Dawanau. Ɗan dako ya ɗauki buhun masara mai kilo 100 a ka, ya tsaya cik yana jiran a buɗe bayan tirela. Gumi na zuba, wuya na rawa. A lissafin fizik, muddin buhun bai gusa ba, aikin da aka yi a kansa sifili ne. Duk yaron da hankalinsa ke ajin zai ɗaga hannu: “Malam, ya za a ce bai yi aiki ba, ga shi yana gumi?” Wannan gardamar ita ce darasin. Daga ita malam zai bayyana cewa naman jikin mutumin na ta ɗaurewa yana saki, yana ƙona abin da ya ci, shi ya sa ya gaji, amma buhun yana nan inda yake, bai ƙara tsawo ba, ba abin da ya ƙaru a kansa. Sai ya taka katako ya hau da shi mita ɗaya da rabi zuwa cikin mota, a nan ne aka yi wa buhun aiki: niyuton 1,000 sau ɗaya da rabi, jul 1,500, daidai da abin da ɗan garuwa ya yi da jarkokinsa 12. Daga nan kuma a tambayi ajin me ya sa ake jingina katako in za a loda ganga. Wani zai ce don ya fi sauƙi. Sai a nuna masa cewa in katakon mita 3 ne, tsayin motar kuma mita ɗaya da rabi, ƙarfin da za a sa ya ragu da kusan rabi, amma nisan da za a tura gangar ya ninka. Aikin bai ragu ba, shimfiɗa shi aka yi.

Yanzu ku gaya min tsakani da Allah, yaro ɗan shekara 12 ko 13 daga makarantar gwamnati a Gwale zai iya tayar da wannan gardama da Turanci? Ba zai iya ba, kuma ba zai gwada ba, don kada a yi masa dariya. Zai yi shiru ya kwafa. Shirun nan ne malamai da yawa suke ɗauka a matsayin fahimta, kuma shi ne sanarwar minista ta zo ta ɗaure wa gindi.

Batun gudu ya fi taɓa ni, domin a nan rashin ganewa rai yake ci. A ce adaidaita sahu ta yi kilomita 6 cikin minti 12, gudunta kilomita 30 ne a awa. Yaron da ya saba hawa zai ce ai ba haka aka yi ba, mun maƙale a cunkoson Kantin Kwari, mun tsaya a danja, da muka hau titin Zariya kuma direba ya saki wuta. Madalla, ya gano da kansa bambancin matsakaicin gudu da gudun da ake yi a wani lokaci guda. Sai a ƙara masa abin da bai sani ba. Kilomita 36 a awa daidai yake da mita 10 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya daƙiƙa ɗaya don duba waya ya shafe mita 10 ido rufe. In kuma ya ninka gudunsa, nisan da zai ja bayan ya taka birki ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne. Samarin da ke riƙe da kan adaidaita a titunan Kano, da yawansu sun zauna a aji biyu, sun rera nisa a raba da lokaci, wasu ma sun ci makin. Ba wanda ya taɓa fassara musu shi zuwa birki da ɗan makarantar da ke tsallaka titi.

Masu murna da sanarwar suna da amsoshinsu, kuma ba ɗaya mai nauyi. Wai Hausa ba ta da kalmomin kimiyya: Newton ɗan Ingila ne, amma da Latin ya rubuta dokokinsa, niyuton da jul kuwa sunayen mutane ne da Bajamushe da ɗan Japan ke amfani da su yadda suke, suna kuma yin bayanin da harshensu. Wai Turanci harshen duniya ne: wa ya ce a daina koyar da shi? Wai Najeriya na da harsuna fiye da 500: wannan damuwar ajin Sabon Gari ce ko na Abuja, ba ta ajin Dala ba, inda kowa da Hausa ya tashi. Wai ba mu da ɗakin gwaji: wannan darasi tef ɗin tela yake buƙata, da igiya, da bokiti, da sikeli, da agogon wayar malam.

Kuma ba yau aka fara gwadawa ba. Makarantar boko da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 da Hausa ta fara karantarwa. A Ife, Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a 1970, aka koyar da yara firamare gaba ɗaya da Yarbanci, Turanci kuma darasi ne a cikin darussa. Yaran suka fi takwarorinsu, Turancinsu kuma bai gaza ba. Mutumin nan daga baya ya riƙe kujerar da Dakta Alausa ke kai yau. Soke tsari irin wannan ba tare da an tanka wa wannan gwaji ba, ganganci ne da rayuwar 'ya'yan talakawa.

Na ce 'ya'yan talakawa da gangan. Mafi yawan masu tafa wa sanarwar 'ya'yansu na makarantun kuɗi, suna jin Turanci a falo da talabijin, ga malamin lesin da yamma. Su ba abin da suka rasa. Wanda ya rasa shi ne yaron da Turancinsa duka a aji yake, wanda har yau a wasu makarantu ake cin tararsa ko a zane shi in an ji ya yi Hausa. Kuma babbar ɓarnar ba a takarda take ba. Akwai malamai nagari a garin nan da in suka ga idanun yara sun yi fari-fari sukan ajiye alli su ce, “Ku tsaya in yi muku da Hausa.” Su ne ke riƙe da ɗan abin da ya rage na kimiyya a makarantun gwamnati. Yanzu an mayar da su masu laifi, suna bayani suna kallon taga kada shugaban makaranta ya ji. Malamin da shi kansa bai gane darasin ba, wanda Turancin allo ke rufa wa asiri, shi aka ba lasisi. Wanda bai iya bayyana aiki da kurar ruwa ba, bai iya shi da kowane harshe ba, kuma ya san haka, shi ya sa ya fi kowa son a ci gaba da kwafa.

Kano ba ta saba jiran Abuja a kan kimiyya ba. A 1977 jihar ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma kowa ya ga abin da suka haifar. Ilimi na cikin abubuwan da tsarin mulki ya ba jiha da tarayya hurumi a kai tare. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, an gyara ajujuwa, an raba kayan makaranta, kuma ba mai raina wannan. Amma dokar ta-ɓacin da ta tsaya a rufin kwano da fenti, ba ta shiga abin da ake faɗa a gaban allo ba, rabin aiki ce.

Ma'aikatar ilimi ta jiha ta fito fili ta gaya wa malaman kimiyya cewa bayani da Hausa halal ne, alamomi da sunayen ma'auni kuma su zauna yadda duniya ta san su. Masana harshe na Jami'ar Bayero da masu horar da malamai na Sa'adatu Rimi su zauna su fitar da ɗan littafin jagora, ko shafi 30 ne. A daina cin tarar yaro don ya yi tambaya da harshen uwarsa. A jarrabawar kammala aji uku kuma a sa ko tambaya ɗaya ce da ba a amsa ta da ninka lamba biyu, a ce yaro ya bayyana me ya sa mai tsaye da buhu a ka bai yi wa buhun aiki ba, sannan a fito da sakamakon makaranta-makaranta kowa ya gani.