Tashar Baro ba tarkacen Bature ba ce

Na ga abin da wasunku suka rubuta a ƙarƙashin hoton tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Baro, garin da ke bakin Kogin Kwara a Jihar Neja, wai tarkacen Bature ce, gara a kira 'yan jari-bola su auna ƙarafan kowa ya huta. Madalla da wannan kishin ƙasa, wanda bai farka ba sai da aka fara sayen ƙarfe da kilo.

Bature ya zana taswira, amma bai ɗauki kwandon ƙasa a ka ba. Da aka fara shimfiɗa dogo daga Baro a 1907, zamanin Girouard, Baturen da ke mulkin Arewa, ta hannun sarakuna aka riƙa ɗibar talakawan Nupe da Gwari zuwa aikin tilas, aka raba su da gonakinsu, suka sare daji, suka cike kwari, har jirgi ya shiga Kano a 1911. Ƙarafan da kuke yi wa kuɗi ta Kogin Kwara suka hauro, kuma kafaɗun mutanenmu ne suka sauke su a bakin ruwa. Wanda ya sayar da su, gumin kakanninsa ya sayar.

Za a ce ai don kwashe auduga da gyaɗa aka gina layin. Haka ne, kuma wannan ma dalili ne na barin tashar a tsaye, domin yaro ya ga inda aka bi da dukiyar da idonsa. Za a ce ta daina aiki. Ai tun da aka kammala gadar jirgin ƙasa ta Jebba a kan Kogin Kwara a 1916 kaya suka koma wucewa Ikko kai tsaye, ga kogin ba ya ɗaukar manyan jirage sai ruwa ya cika, amma duk tsawon shekarun nan ba a rasa masu hankalin da suka bar ta a wurinta ba. Ganuwar Kano ma ta daɗe da daina tare mahara, ban ji wanda ya ce a buga bulo da ita ba.

Mai neman abin yin fushi a Baro, ga tashar jiragen ruwa nan da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Janairun 2019. Ya je ya tambayi mutanen Agaie da Katcha, maƙwabtan Baro, jirage nawa suka ga sun sauke kaya a cikinta tun ranar bikin.